Wa Ya Hana Imran Zuwa Shuka?

Ƙaura Namoda

Zuwa ga ƙanena Hayatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah ya tsare ka a Fatakwal, ya ba ka halal. Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙin ƙafafunta, har ta koma yi mana faɗa.

Sai dai Imran ɗan Yaya Tsoho ya faɗo daga kan mota a kasuwar Shinkafi yana lodin gero, cinyarsa ta karye. Mai ɗori ya duba, ya ce wannan sai asibitin Gusau, in an yi jinkiri ƙafar za ta haɗe a karkace. Ka san kuwa ɗan dako ba shi da jari sai ƙafarsa. Muka tashi neman wanda zai ɗauki nauyi, sai na ga abin mamaki. Labbo mai mota ya ce shi hayarsa aka ɗauka. Sarkin dako ya ce nasa kiran mutane ne kawai. Alhaji Maccido mai geron, wanda kullum yake kiran Imran yaronsa, ya ce a hannun sarkin dako yake biyan lada, don haka babu ruwansa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na fi ɗokin jin yadda za a warware, ka san ni da bin diddigi. Ashe mutum zai yi shekaru yana ɗauka wa mutane kaya, ranar da ya faɗi a rasa ubangidansa?

Aka kai maganar gaban Maitama, dattijon 'yan hatsi. Yaya Tsoho ya ce mini Maitama bai ko tambayi wa ke biyan lada ba. Cewa ya yi a tambayo Imran, in ruwan shuka ya sauka, wa yake roƙo ya sallame shi ya tafi gonarsa ta Banga. Imran ya aiko cewa Alhaji ne, bana ma ya roƙa, Alhaji ya ce ba inda za shi sai an kwashe geron sito. Shi ya sa ranar yana kan mota, ba ya gona. Maitama ya ce to, wanda ya isa ya hana ka shuka gonarka shi ne ubangidanka. Alhaji ya biya kuɗin asibiti ba don ya so ba, da ma gaskiya ɗaci gare ta. Jiya aka yi wa Imran aiki a Gusau, likita ya ce zai taka.

Tun ranar kai nake tunani, Hayatu. Ka ce wani ne ya ɗauke ka aiki, wani ke biyanka, jirgin ruwan da kake aiki a ciki kuma na wasu ne. To, da aka yi rasuwar Baba ka ce an hana ka zuwa, wa ya hana ka? Ka bincika ka rubuto mini sunansa tun kana kan ƙafafunka.

Inna, Yaya Tsoho da Saudat matar Imran suna gaishe ka. Ka gai da Nusaiba da yara.

Taka yayarka,
Rahina