Kujerar Ɗakin Narka Dalma

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Ya laulayi? Allah ya raba lafiya.

Na rubuto ne don bakina ba zai iya faɗar wannan a gabanki ba. Inna ta ce kina ta murna, wai mai wurin fasa tsofaffin batura ya tausaya wa cikinki, ya ɗauke ki daga tsakar rana ya ba ki kujera a ɗakin narka dalma. Auta, kujerar nan mai ƙafa ɗaure da waya, wata shida na yi a kanta da cikin Shalele. Ni ma haka na yi ta zuba godiya kamar an ba ni kyautar gida. A kanta nake cin abinci, hannu duk ƙura, in goge a zani in ci gaba.

Kina tsokanar Shalele da sarkin lalaci, ina dariyar dole. Wata tara ke nan bai iya zama ba. In na kaɗa masa makullai ba ya bin su da ido, ba ya miƙa hannu. Surukata tana ta yawo da ni a dangi, wai nonona ne ba shi da kyau. Makon jiya aka ɗebi jininmu a asibiti. Likita ta ce dalma ce, ta bi jinina ta kai gare shi tun ƙwaƙwalwarsa tana haɗuwa a ciki. Ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Na je na sami mutumin. Ko kunya babu, wai shi taimako ya yi, ai ni na yi kukan kumburin ƙafa. Shi da ba ya leƙa ɗakin sai ya ɗaure hanci, ya fito a guje! Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ni na roƙa miki aikin nan da bakina.

Don girman Allah kada ki sake taka ɗakin. Ki je a gwada jininki, kayan aikin kuma ki zubar, kada ki wanke. In maigidanki ya musa, kawo shi ya kaɗa wa Shalele makullai da kansa. Cikinki wata uku ne. Ni ba wanda ya gaya mini a wata uku.

Ki gaida maigidan.

Taki har kullum,
Yayarki, uwar Shalele