Sawun Taya a Kan Ciyawar Baba

Affan,

Na tafi aiki, kana barci.

Jiya ka hau ciyawar gaban gida da mota alhali ƙanƙara ta kama ta. Sau nawa zan gaya maka ciyawar da ta daskare karyewa take in an taka? Ga sawun taya nan baƙi ƙirin, sai bazara in ma ta farfaɗo.

Baba ya gani ta taga. Shekara shida yana kula da ita kafin ciwo ya kwantar da shi. Cewa kawai ya yi, "Luba, ja min labulen."

Kada ka ce za ka gyara, kada ka sake taka ta.

Shayinsa yana flas. Yau kai za ka kai masa, na gaji da nema maka uzuri.

Yaya Luba