Inna, Na Fara Hawan Keke

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Balki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan Allah Ya ƙara miki ni'ima a makwancinki, ina da labarin da ban san ko zai yi miki daɗi ba. Inna, na sayi keke.

Kin tuna ranar da na ari keken Kawu Bello a Dandin Mahe, ina ɗan shekara tara, na gangara da shi na karya hannu. Kina shafa mini man shanu kina cewa, "In dai ina da rai, ba ka ƙara hawan abin ga." Ban ƙara ba kuwa, har na yi furfura ina koyarwa a firamare a Bodinga.

Bara likita ya ce ciwon sukarin da ya ɗauke ki ya kama ni. Ya ce in ban motsa jiki ba, ƙafafuna za su fara tafiya kafin ni. Na tuna yadda kika ƙare a zaune, sai tsoro ya kama ni.

Na samo keke na gwanjo, mai giya, irin wanda ake hawa tudu da kwari da shi. Fitata ta farko na nufi Mandera. Tayoyin sun suɗe, ga yashi, sai keken ya kafe, ni kuma na wuce ta samansa na sauka cikin fangalin albasa. Mai gonar ya ɗaga ni yana dariya har da hawaye, ya ce, "Malam, albasa kaka so, ko hanya ta ɓace maka?"

Na tura keken har wurin Iro mai faci. Ya ce laifin taya ne da nawa, rabi da rabi. Ya sa mini masu faɗi, masu ƙuraje kamar bayan kada, ya ce in rage iska in zan shiga yashi, in sauke giya tun kafin tudu ya zo. Ya haɗa ni da ƙaramin famfo da kayan faci saboda ƙaya. Hular kwano kuwa surukarki Hajara ce ta tsaya a ƙofa ta ce ba fita sai da ita.

Asabar da ta wuce, Inna, bayan asuba na kama hanya ta cikin gonaki, gero ya fi ni tsawo. Sau biyu na huta, amma ban faɗi ba. Da hantsi sai ga ni a ƙofar ƙanwarki, Inna Hajo, a Dandin Mahe. Ta daɗe tana kallon hular kafin ta gane ni, sannan ta tafa hannu ta ce, "Yau ga ɗan Balki ya kife ƙwarya a kai!" Ta dama mini fura ba sukari, muka yi ta hirarki.

Likita ya rage mini magani. Ina barci, ina cin tuwo da marmari.

Ranar Juma'a nakan bi ta bakin maƙabarta. In na iso sai in sauka, in cire hular, in tura keken a hankali har in wuce inda kike.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗanki,
Umaru