Tarkon da na ɗana wa Yaya Hamza

Laraba, 9 ga Rajab, unguwar Utaibiyya, ƙasa mai tsarki

Wallahi yau na ga abu! Na samo kwalbar ruwan sha'ir baƙi ƙirin a shagon bakin layinmu. Rubutun jikinta na boko ne, sai da na sa mai shagon ya rantse mini babu maye ko ɗigo. Kurɓa ɗaya na yi idona ya kawo ruwa. Ga kauri, ga ɗaci kamar gahawar da ta ƙone.

Nan take na tuna Yaya Hamza, mai shanye mini lemo a firij kullum. Na juye a kofi, na jefa ƙanƙara, na ajiye inda zai gani, na laɓe bayan labule ina danne dariya.

Sai ga Kaka ta idar da sallar la'asar, ta zo ta ɗauka. In Baba ya ji tsiyata ta faɗa kan mahaifiyarsa, na kaɗe.

Ta shanye tas, ta lashe leɓe, ta ce, "Fito, maigida, ga ƙafarka nan ina gani. Rabona da abin da ya ratsa ni haka tun goron gida. Gobe biyu za ka kawo mini, ko ubanka ya ji labari."