Dutsen Yumɓun Da Ya Kore Ni Daga Potiskum

Zuwa ga Mai Girma Sufeton da ya ziyarci makarantarmu a zangon karatun da ya wuce.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman afuwa da na rubuto maka a fili. Sau uku na zo ofishinka, sau ukun ana ce mini kana taro. Na ga mutumin da taro ya yi wa yawa haka bai kamata a tsayar da shi a ƙofa ba, gara ya karanta a lokacin da ya samu sarari.

Sunana Talatu, malamar aji biyar. Na fara riƙe alli a Potiskum tun muna cikin Jihar Borno, kuma ban taɓa karɓar takardar tuhuma ba sai taka. Tunda rahotonka ya taƙaita abin da ya faru a layi huɗu, bari in cike sauran.

Manhajar da aka raba mana ta ce a koya wa 'yan aji biyar dutse mai aman wuta. Littafin labarin ƙasa ɗaya ne a makarantar, kuma gara ta riga mu karanta shafin da hoton yake. Na yi bayani da baki kwana biyu. Yarana yawancinsu 'ya'yan masu harkar shanu ne da manoma, wasu ma a makaranta suke gyara Hausarsu, gida Ngizimanci ko Karekare ko Fulatanci ake yi. Da suka ji kalmar amai, sai wata ta tambaye ni ko wane abu dutsen ya ci da ya ɓata masa ciki. Wani ya ce idan haka ne a ba shi jiƙo. A nan na gane maganata ba ta shiga, sai sun gani da ido.

Na roƙi yumɓu wurin wata maginiyar tukwane a unguwarmu. Mako guda muna gini da yaran a kan tsohon fallen kwano, muka binne kwalba a tsakiya, muka bar baki a sama. Na zuba dakakkiyar kanwa da ɗan garin sabulu da jan galura a ciki, na jiƙa tsamiya mai kauri a moɗa. Ranar Alhamis muka fito da shi ƙarƙashin darbejiya, sai ga motarka. Zango uku ana ce mana kana tafe, muna share fili muna jira, Allah bai nufa ba sai ranar.

Ka ce in ci gaba kamar ba ka nan. Na roƙi ka ja baya kaɗan, ka ce ka san wannan tun kana kwaleji. Na zuba ruwan tsamiya kaɗan, don a hankali ake yi. Da ka ga shiru, ka karɓi moɗar daga hannuna a gaban yara, ka juye ta gaba ɗaya, sannan ka sunkuya ka leƙa bakin don ka ga abin da ya hana shi aiki. Ranka ya daɗe, babu abin da ya hana shi. Jan kumfa ya taso ya bi farar rigarka daga aikin aska na ƙirji har aljihu, ya sauka a kan fayil ɗinka.

Yara sun yi dariya, ba zan ɓoye ba, har da hedimasta, sai dai shi ya mayar da tasa tari. Da dariya ta lafa, wata yarinya mai suna Falmata, wadda ban taɓa jin muryarta a aji ba tun farkon shekara, ta ɗaga hannu ta ce maka: "Malam, ashe shi ya sa ba a gina gida kusa da bakinsa." A duk shekarun da na yi ina koyarwa, ban taɓa ganin darasi ya shiga kan yara kamar na ranar ba, kuma gaskiya rabin ladan naka ne.

Yanzu ga amsar tuhumarka, wadda na rubuta tun a lokacin amma aka ce ba a ga inda aka ajiye ta ba.

Na ɗaya, ka ce na kawo sinadarai masu haɗari cikin makaranta. Kanwa ce da tsamiya. Ina roƙon ka leƙa madafin gidanka, ka tambayi uwargida abin da take sa wa kunu da miyar kuka. Idan haɗarin ya tabbata, to lamarin ya wuce makarantarmu, ya kamata a sanar da duk matan jihar nan.

Na biyu, ka ce na firgita yara. Mutum arba'in da wani abu ne a wurin, kuma wanda ya yi tsalle da baya har takalminsa ya fita guda ɗaya ne. Ba zan faɗi sunansa ba saboda girmansa.

Na uku, ka ce darasin ba shi da amfani ga ɗan Yobe tunda ba mu da irin wannan dutse. Ba ni na rubuta manhajar ba, da hatiminku ta zo. Ba mu da teku, amma an ce mu koyar da shi, kuma mun koyar ba a tuhume mu ba. Ban da haka, duk wanda ya bi hanyar Biu ya ga duwatsun da suka yi amansu tun zamanin da can, suka huce. Iyayen yaran nan suna bi ta gindinsu da shanu. Ban ga laifi ba idan ɗa ya san abin da ubansa yake wucewa.

Na huɗu shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Ka rubuta cewa abin da na yi "ya yi kama da tsafi". Wataƙila a wurinka ado ne na rubutu. Amma takardar ta bi hannuwa kafin ta iso ni, kuma kafin sati ya zagayo maganar ta kai Kasuwar Shanu, ta koma cewa malamar aji biyar tana fitar da jini daga ƙasa. Iyaye sun cire 'ya'yansu mata daga ajina, ciki har da Falmata, wadda ni da kaina na yi ta zarya gidansu kafin ubanta ya yarda ta shiga boko. Maƙwabciyar da muke aron turmi shekara da shekaru ta hana 'ya'yanta shiga gidana. Sai da limamin unguwarmu, Allah ya saka masa, ya sa na maimaita abin a zaurensa a gaban dattawa. Ya duba, ya shinshina, ya ce wannan ai kunu ne da aka manta ba a sa gero ba. Unguwa ta yarda da shi. Fayil ɗina kuwa har yau yana nan yadda ka bar shi, Falmata kuma ba ta dawo ba.

Sakamakon rahoton, an mayar da ni wani ƙauye bayan Gadaka, don in gyara halina kamar yadda takardar ta ce. Ajina na Potiskum an haɗe shi da aji shida, suna zaune har bakin taga, malami ɗaya yana fama. Babu shakka yanzu sun tsira daga kanwa.

Ba na raina ƙauyen. Yaransa suna da ƙoƙari, kuma an ce mini rabonsu da ganin sufeto tun kafin a ƙirƙiri jihar, don haka ana koyarwa cikin kwanciyar hankali. Damuwata mahaifiyata ce. Ɓarin jikinta ya shanye, ni nake juya ta, ni nake yi mata wanka, kuma ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai nawa. Yanzu ranar Juma'a kawai nake ganinta, idan na dace da motar da ta sauke shanu za ta koma gari. Duk zuwan da na yi sai na tarar ta ƙara ramewa. Ta tambaye ni laifin da na yi wa gwamnati, na rasa yadda zan yi mata bayani ba tare da ta ɗauka wasa nake yi ba.

Don haka ina roƙon abu uku. A cire kalmar tsafi daga fayil ɗina, a rubuce, yadda zan iya kai takardar gidan su Falmata in nuna wa ubanta. A mayar da ni Potiskum, ko wace makaranta ce, ko da aji ɗaya za a ba ni. Idan kuma har yanzu kana ganin darasin ne mai laifi, a soke shi daga manhaja, don kada wata malama ta ɗauka abin da aka rubuta a ciki ana nufin a koyar ne. Game da rigar, na aika sau biyu a karɓo in wanke, aka ce ba a buƙata. Tayin yana nan.

Ina addu'a Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana, ya raya maka zuri'a, ya haɗa 'ya'yanka da malaman da za su wahala dominsu. Allah ya ƙara maka girma, ya ɗaga ka da gaggawa zuwa kujerar da ba za ka sake buƙatar shiga aji ba.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Malama Talatu,
tsohuwar malamar aji biyar, Potiskum.