Hajiya Mai Hannu Takwas

Talata, 8 ga Oktoba, 2024

Yau na fita. E, ina cikin takaba na fita, sai me? Na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga Whitechapel na tafi gidan kifin nan na bakin kogi, aquarium, inda ni da Abban Zarah muke zuwa duk Talata in likita ya sallame shi. Katinmu na shekara bai ƙare ba, mai katin ne ya riga shi.

Kai tsaye na wuce wajen oktofas ɗinsa, dabbar ruwan nan mai hannu takwas. Shi ya sa mata suna Hajiya, wai don ba ta fitowa daga raminta sai ta ga dama. Har sallama yake yi mata, ni kuwa in ta zungurar sa kada Turawa su ce ya taɓu. Yau ni na yi sallamar. Ta warware hannu ɗaya ta manna a gilashi. Ban yi kuka ba, kuma ba zan yi ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Zarah ta kira. Maganar dai ɗaya ce: in takaba ta ƙare in tattara in koma wajenta Tottenham, cikinta ya tsufa, haihuwar fari ce, wa zai yi mata wankan jego? Ina yi mata Hausa tana mayar min da Turanci. Na ce ba inda za ni. Hulunan ubanta suna nan jere yadda ya bar su, tabarmarsa tana nan, flat ɗin nan har yanzu ƙamshinsa yake yi. In na fita wa zai kula da su? Na kashe.

Asabar, 12 ga Oktoba

Maƙwabciyata Amamata, ta hawan ƙasa, ta kawo tuwo. Da Hausarta ta zangon Gana: “Jamilatu, ka ci mana, ka rame.” Na ce na ƙoshi. Yana fridge.

Talata, 15 ga Oktoba

Na sake zuwa. Kusa da Hajiya akwai wasu da ake ce wa katilfish, jikinsu na sauya launi kana kallo, yanzu fari, yanzu ja-ja. Matan da suka zo min gaisuwa na tuna. A falo hawaye, a bakin lif gulma.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ashe an gan ni a tasha. Labari har Kano! Yaya Sadia, yayar marigayi, ta kira ta bidiyo tana huci: mai takaba da yawon kallon kifi, ƙaninta ko bushewa kabarinsa bai yi ba. Na ce Yaya, malamin masallacinmu ya ce mai takaba na iya fita da rana don lalura. Ta ce kifi ne lalurar? Na ce tawa ke nan.

Sai ta ce in nuna mata wuƙar. Wata 'yar wuƙa ce mai kube na fata da ta danƙa min ranar sadakar uku, wai mai takaba ba ta rabuwa da ƙarfe, haka iyayenmu suka yi. Na zaro ta daga jaka na ɗaga mata. Ka ji min mata, ita ke Kano amma ita ke tsaron ƙofata a London.

Talata, 22 ga Oktoba

Hajiya ta ƙi fitowa. Ta shige rami, ta lulluɓe wasu fararen abubuwa da ke reto kamar zangarniyar shinkafa, tana ta shafa su. Matar da ke ba su abinci ta ce ƙwai ta yi. Ta ce daga yanzu ta daina ci, gadi kawai, har ƙarfinta ya ƙare. Na ce to uwa ke nan, Allah Ya raya.

Talata, 29 ga Oktoba

Na shiga uku yau.

Yara na hutu, wurin ya cika, sai ga masu tsaro suna duba jaka a ƙofa. Ni wallahi na manta da ita, ta zame min kamar makullin gida. Mutumin ya zaro wuƙar Yaya Sadia ya ɗaga, kowa a layi ya juyo. Wuƙa a London! Turancina na shekara da shekaru ya gudu ya bar ni. Ta ina zan fara? In ce mijina ya rasu shi ya sa nake yawo da wuƙa? Suka kai ni wani ɗan ofis, suka ce wa za a kira. Lamba ɗaya ce a kaina.

Zarah ta zo tana haki, hannu a ƙugu, ƙafafunta a kumbure cikin silifas. Ban san sun kumbura haka ba. Ta yi musu bayani, ta ba da haƙuri, suka riƙe wuƙar suka ce kada a kuma. Na jira faɗa. Sai ta ce, da Hausarta mai tsami, “Mama, nuna min ita. Wadda Abba yake gaya min.”

Muka tsaya gaban ramin. Hajiya ta yi fari fat, ta zube, tana nan dai tana shafa ƙwan. Zarah ta tambayi matar yaushe za su ƙyanƙyashe. Matar ta ce ba za su yi ba. Ita kaɗai ce a tankin, ba namiji, ba komai a cikin ƙwan. Amma Hajiya ba ta sani ba, haka za ta tsare su har ta mutu.

Zarah ta juyo ta kalle ni. Na ce mene ne? Kada ki soma. Ni ba kifi ba ce.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ni ba kifi ba ce. Ban ga abin kallo ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Yaya Sadia ta ce ina wuƙa. Na ce tana hannun hukuma, in tana so ta zo ta karɓa. Ta yi salati ta kashe. Rabon da in yi dariya tun kafin asibiti.

Talata, 12 ga Nuwamba

Sun ajiye mata kaguwa a bakin rami, ta sa hannu ta ture. Haushi ya kama ni, har na ƙwanƙwasa gilashin, abin da aka hana. Na ce ke Hajiya ci mana, wa kike yi wa? Ba kowa a ciki! Wata Baturiya ta ja ɗanta gefe. Oho dai.

Ƙafafun Zarah sun tsaya min a rai.

Talata, 19 ga Nuwamba

Tankin wayam. Sun kwashe har ƙwan, sun wanke ramin. Matar ta ce ranar Asabar Hajiya ta mutu. Na yi sallama duk da haka, ban san wa nake yi wa ba. A tube na yi kukan da na ce ba zan yi ba, har na wuce tasharmu.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Amamata ta kawo tuwo da miyar kuka. Na ci, don kada ya lalace ne kawai. Ta tsaya a kaina har na suɗe kwanon.

Na ce in ta shiga kasuwa ta duba min kanwa da gero, a shagon 'yan Gana ko ina ne. Mai jego ba ta yi sai da kunun kanwa, Zarah kuwa ko dama shi ba ta iya ba, mijin balle. Ba wai na ce zan koma can ba. In takaba ta ƙare zan je in ga wankan ya kankama, shi ke nan.

Hulunan na sa su a akwati, saboda ƙura. Guda ɗaya na bari a waje, ƙaramar zannar nan da ta matse shi. In namiji Zarah ta haifa, wata rana za ta yi masa.