Suna a Murfin Na'urar Zuhura

Mahjar, Jidda, Rajab 1397

Yaya Abdulghani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya sanyin Jamus? Umma da Baffa, mahaifinka, suna gaishe ka.

Wasiƙarka har ta fara yagewa saboda karatu. Wai na'urar da kuke ƙerawa za ta shaƙi iskar tauraruwa Zuhura, ta faɗa muku abin da ke ciki! Da gaske an ba kowannenku izinin sassaƙa suna ɗaya a cikin murfinta, kuma nawa ka zaɓa? Ko a littattafan soyayyar da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa ban ga an yi wa yarinya haka ba. Da asuba nakan hau soro in kalli tauraruwar, sai in ji kunya ni kaɗai. Baffa ya ce kana dawowa za a sa mana rana.

Ƙanwarka,
Luba

Mahjar, Shawwal

Yaya,

Ina gaisuwa. Abokin aikinka Saleh ya sauka wurin Baffa, zai wuce umra. Ina bayan labule ina zuba shayi na ji yana dariya: "Wallahi ya sheikh, ɗanka gwani ne! Hannunsa ko rawa bai yi ba da yake sassaƙa sunan Ingrid." Baffa ya ɗauka sunan wani ƙarfe ne, ya ce masha Allah.

Wace ce Ingrid?

Luba

Jamus

Luba,

Wa'alaikis salam, ina fatan kowa lafiya. Ki fahimce ni. Zafin Zuhura yana narkar da dalma, nauyin iskarta kuma yana murƙushe ƙarfe. Na'urar ba za ta daɗe ba bayan ta sauka, ni kuwa ban so sunanki ya ƙone. Ingrid abokiyar aiki ce, da ita muka sha wahalar gwada bututun shaƙar iskar. Ke yarinya ce, littattafan nan ne ke ɗaga miki hankali. Kada Baba ya ji. Aikin zai ƙara shekara ɗaya, ko biyu.

Wassalam,
Abdulghani

Mahjar

Yaya Abdulghani,

Salam. Baffa ya ji, daga bakina, kuma ban yi in'ina ba. Halas, shi ke nan, ba za a sa rana ba.

Ni da na yarda sunana ya ƙone, Yaya. Ba ka tambaye ni ba.

Ka huta lafiya.
Luba Haladu